Murya Ta Biyu

A Puno, ranar Laraba, sanyi ya daskare tawadar birona,
aka jibge mini fayil arba'in da ɗaya,
kowanne da jan tambari a goshi:
na'ura ta ce an yi maguɗi.
Nawa in duba, in sa hannu, in tafi gida.

Shekara talatin ina gyaran takardun yara.
Na san rubutun mai satar amsa, sumul yake fiye da kima.
Na san na matsoraci, huda takarda yake yi.
Yanzu an ba ni kujera da allon kwamfuta,
an ce, Eulalia Ticona, ke ce ɗan Adam ɗin da doka ta ce a ajiye.

Na goma sha bakwai, Fermin Cutipa,
ɗan tsibirin Amantani, mai neman gurbin karatun jinya.
Laifinsa biyu.
Idonsa ya bar allo sau goma sha huɗu.
An kuma ji murya ta biyu a ɗakin.

Na toshe kunne da abin sauraro.
Ƙanƙara ce da fari, tana jifar kwanon rufi,
sai ɗigo, ɗis, ɗis.
Ashe abin da idon ke bi ke nan:
rufin gwaggonsa na yoyo daidai kan kwamfutar aro,
yana tura ta da gwiwar hannu, kaɗan-kaɗan,
bai fasa rubutu ba.

Muryar kuwa, tasa ce.
Yakan karanta tambaya da Sifaniyanci,
ya kai ta can ƙasa-ƙasa cikin Kecuwa,
harshen da aka rarrashe shi da shi a goye,
ya juya ta, ya auna, ya dawo da amsa.
Na'ura ta ji harshe biyu, ta ƙirga mutum biyu.

Ni ma da shi nake lissafin kuɗin dankali har gobe.

Na buga wa kamfanin waya a Lima.
Wani saurayi mai ladabi ya ce
cikin ɗari, casa'in da bakwai ba ta kuskure.
Na ce, ukun nan fa, a wace unguwa suke kwana?
Da muryar 'ya'yan wa kuka koya mata sauraro?
Ɗakin wa kuka nuna mata kuka ce, haka ɗaki yake?
Fuskar yaron nan ta awa uku,
tana aljihun wa, kuma har yaushe?
Ya ce zai tura wa sashen da abin ya shafa.

Ba ƙin ta nake yi ba.
Ba ta gajiya da la'asar kamar ni,
ba a kai mata cuku ko cinyar tunkiya gida.
Na ga malamai sun zaftare maki don sunan uba.
Ni ma na taɓa, sau ɗaya,
sunan yarinyar yana tashe ni cikin dare har yau.
Sai dai ni ana iya tare ni a bakin kasuwa,
a riƙe gefen mayafina a ce, Malama, don me?
Ita, wa zai tare?

Kafin a auna hatsin mutane,
a fara auna mudun, a gaban masu hatsin.

Gurbin bayani ba ya ɗaukar dogon zance.
Na rubuta: Ruwan sama ne. Harshen uwarsa ne. A sakar masa sakamako.
Na sa sunana duka, har da na kakata,
don in an zo neman wanda za a tambaya, a same ni.

Saura ashirin da huɗu.
Duk wanda ban buɗe ba kafin Juma'a,
hukuncin na'ura ya zauna da kansa.
Fitilun jiragen kamun kifi sun fara kamawa a kan tafki.
Na aika gida kada a jira ni da miya.

Na goma sha takwas, yarinya ce daga Juliaca.
Wai fuskarta ta ɓace minti shida.
Na buɗe. Duhu ne, an ɗauke wuta.
Ina jin ta tana laluben ashana.